Jiran Labbo

Duk mai sayen man gyaɗa a lungunmu na Damba, a garin Gusau, ya san Zuwaira. Doguwa ce, baƙa, ba ta da yawan magana, bayan hannuwanta duk tabon ƙunar mai ne. Shekarunta ba su wuce arba'in da biyu ba, amma wanda bai san ta ba zai ba ta hamsin da ɗoriya. Ni maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ta raba mu tun ranar da suka sauka a unguwar da kayansu ƙunshe cikin zannuwa. Abin da zan faɗa, wani daga bakinta na ji shi, wani kuma a gabana aka yi.

An haife ta a Tungar Marke, wani ɗan ƙauye a bayan Bilbis cikin ƙasar Tsafe. Mahaifinta haƙar rijiya yake yi, mahaifiyarta kuma ƙuli-ƙuli, a wajenta ta koyi sana'ar tun ba ta iya ɗaga taɓarya ba. Cikin samari uku da suka nemi aurenta ita ta zaɓi Labbo, aka yi ta yi mata dariya, don gajere ne, ga in'ina, ga ɗan yatsansa na hagu da injin sussuka ya gutsure. Ta ce da ni abin da ya sa ta so shi, ba ta taɓa ganin ya daki dabba ba. Yana da shanun huɗa biyu, idan suka ƙi tafiya sai ya tsaya yana lallashinsu kamar mutane. Sun haifi huɗu, biyu suka koma tun suna goye, aka bar musu Wasila da ƙanwarta Amina. Mahaifiyar Labbo, Inna Bara'atu, tana tare da su a gida ɗaya. Ba masu arziki ba ne, amma dawarsu takan kai su wata damina.

A watan Agusta na 2021, wata Talata da hantsi, Zuwaira ta ɗauki fura za ta kai gona, inda Labbo da maza shida suke gayyar maimai, wato noma na biyu. Ta kai rabin hanya ta ji rurin babura daga wajen dutse. Ta kwanta cikin gero har ƙarar ta yi nisa. Da ta isa gonar ba kowa, sai fartanyu bakwai a yashe tsakanin kunyoyi. Ta tattara su, ta ɗaure da ɗankwalinta, ta ɗauko zuwa gari. Ta ce har yau ba ta san abin da ya sa ta yi haka ba.

Kwana uku bayan nan 'yan bindigar suka kira wayar mai unguwa suka faɗi abin da suke so. Kowane gida ya sayar da abin da yake da shi. Zuwaira ta sayar da shanun huɗan nan biyu, da gyaɗar da ta ajiye ta sana'a. Aka kai musu. Suka sako mutum huɗu, suka riƙe uku, suka ce sai an ƙaro babur sabo. Labbo yana cikin ukun. Sau ɗaya aka ba shi waya ya yi magana da ita. Muryarsa ta dushe, in'inar ta ƙaru.

"Zu-Zuwaira, ki kula da Inna. Kar ki bari ta ri-riƙa kuka."

"Malam, suna ba ku abinci?"

Kafin ya amsa aka karɓe wayar.

Ana cikin neman yadda za a haɗa babur ɗin aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya. Makonni suka shige ba mai kiran wani. Lokacin da layi ya dawo, lambar da ake kiransu da ita ba ta shiga. Ba ta ƙara shiga ba. Kafin kaka maharan suka dawo sau biyu, mutanen Tungar Marke suka watse, suka bar dawa tsaye a gona. Zuwaira da surukarta da 'yan matan biyu suka yi wata ɗaya a wani ajin firamare a Tsafe, sannan yayanta Haliru, wanda yake ɗinki a kasuwar Gusau, ya samo musu wani kango a Damba. Mai kangon ya ce su zauna su tsare masa wurin. Ɗaki biyu ne ba ƙofa, suka rataya buhu.

Da jarin da Haliru ya ba ta ta koma suyar ƙuli. Da asuba take fara gyaran gyaɗa, da hantsi ta kai markaɗe, kafin la'asar mai ya fita. Bayan sallar la'asar kuma takan je gidan limamin unguwa, inda matarsa take karantar da mata. A can ta ji bayanin da ta riƙe hannu biyu: cewa Allah da kansa ya yi alkawarin amsa wa duk wanda ya kira shi, kuma ba ya saukar da tsanani sai da sauƙi a tare da shi. Ta dawo ranar nan fuskarta a sake, ta leƙo ta katanga ta ce da ni, "Malama, ashe alkawari ne. Ni ban san alkawari ba ne. To, in shi ya faɗa, mi ya rage? Sai jira."

Ta shiga jira da gaske. Ta ɗauki azumin Litinin da Alhamis. Duk Juma'a takan ware ƙuli ta raba wa mabuƙata da sunan Allah ya kuɓutar da mijinta. Bayan kowace salla takan daɗe hannu a sama, har Amina ta gaji da jiranta ta ci abinci ita kaɗai. Idan aka ji a rediyo cewa an ceto mutane daga daji an kawo su Gusau, sai ta sauke kasko ko da mai yana tsakiyar tafasa, ta saka hijabi ta tafi. Na raka ta sau biyu, ban iya komawa na uku ba. Mutane ne zaune a ƙasa jere, ƙasusuwa a waje, ƙafafu a kumbure, wasu ba sa ɗaga kai. Zuwaira takan bi su ɗaya bayan ɗaya tana duban fuska, sannan ta dubi hannun hagu. In ta kai ƙarshen layi sai ta dawo farko, tana tambaya ko akwai wanda ya san wani gajere mai in'ina daga wajen Bilbis. Wasu su girgiza kai, wasu ko kallonta ba sa yi. A hanyar dawowa takan ce, "Lokacinshi bai yi ba."

Inna Bara'atu ba ta iya zuwa ko'ina, idonta ya yi rauni. Wuni take a bakin kangon kan tabarma, duk namijin da ya gifta sai ta ɗaga kai ta saurari takunsa. A damina ta biyu zazzaɓi ya kwantar da ita. Ranar da za ta rasu ta riƙe hannun Zuwaira ta ce, "In ya taho ki ce mishi na jira iyakar iyawata." Aka binne ta a Gusau, garin da ba ta san kowa ba.

A shekara ta uku Haliru ya zo da magana. Ya zauna kan turmi a tsakar gida, ya daɗe yana juya hularsa.

"Zuwaira, na yi tambaya. Alƙali yana iya raba wanga aure, tunda ba ci ba sha ba labari. Ba laifi ba ne a addini."

"Yaya, ka ga gawa?"

"Ban gani ba."

"Wani ya ce maka ya gani?"

"Ba wanda ya ce. Amma shekara uku fa. Ki dubi kanki, ki dubi ɗiyan ga."

"In na je gaban alƙali na ce a raba, kamar na ce wa Allah na gaji da jiran shi ne. Ni kuwa ban gaji ba."

Haliru ya ce ba haka abin yake ba, ya kawo mata misalin mata biyu daga ƙauyensu da suka yi hakan suka sake aure. Ta ce Allah ya ba su zaman lafiya. Ya tashi ya tafi, ya yi wata biyu bai tako gidan ba.

A wannan shekarar ne maganar Wasila ta taso. Wani bakanike mai suna Tajuddeen, yaro mai hankali, ya turo magabatansa. Wasila tana son sa, kowa a lungun ya sani. Ƙanin Labbo da ke Tsafe ya ce zai tsaya a matsayin waliyyi. Zuwaira ta ce a dakata, uban yarinya yana nan tafe, shi zai ba da ɗiyarsa da bakinsa. Aka dakata har bayan Sallah. Sallah ta wuce ta ce a ƙara haƙuri zuwa kaka. Kaka ta wuce. Iyayen Tajuddeen suka gaji, suka nema masa wata a danginsu. Ranar da aka ɗaura masa aure, Wasila ta wuni tana murza ƙuli, daga nan kuma maganarta da uwarta ta koma gaisuwa da amsa aike.

Ban da ni, mutum ɗaya Zuwaira take sakin jiki da ita, Madam Dorcas mai injin markaɗe a bakin titi. Kirista ce daga Filato, mijinta ma'aikacin gwamnati ne, sun fi shekara ashirin a Gusau kuma Allah bai ba su haihuwa ba. Kullum Zuwaira ta kai gyaɗa sai sun ɗan zauna kafin layi ya zo kanta. Wata rana ina wurin na ji Dorcas tana ce mata, "Maman Wasila, mu ma haka ake gaya mana a coci, wai Allah yana da lokacinsa, ba ya makara. Shekara ashirin da uku ina jin wannan maganar."

"Kin yarda da ita?"

"Wata rana na yarda. Wata rana kuma zuwa kawai nake yi in zauna."

Zuwaira ta ce, "Ni kullum na yarda." Dorcas ta dube ta, ta tashi ta tayar da inji.

Bayan Babbar Sallah ta 2025 Haliru ya zo da sassafe, ko zama bai yi ba. Wani abokin cinikinsa ya gaya masa cewa akwai mutum a Bungudu, sunansa Sama'ila, da ya gudo daga daji bayan kusan shekara huɗu a hannun 'yan bindiga, kuma yana ambaton mutanen wajen Bilbis. Zuwaira ta yi wanka, ta saka atamfar da ta fi kyau cikin kayanta, ta ƙulle ƙuli a leda don ta kai wa mutumin. Ta roƙe ni in raka su, na bi su.

Muka sami Sama'ila a zaure, kwance kan katifa, ɗan'uwansa yana yi masa fifita. Ba zai wuce talatin da biyar ba, amma haƙoransa na gaba sun zube, idon sawunsa duk tabon sarƙa. Bayan gaisuwa da jaje Haliru ya faɗi abin da ya kawo mu. Sama'ila ya tashi zaune da ƙyar.

"Labbo na Tungar Marke? Mai in'ina?"

Zuwaira ta matso har gwiwarta ta taɓa katifar. "Shi ne. Ɗan yatsanshi na hagu guntu ne."

"Awo, na san shi. Tare aka ɗaure mu, sarƙa ɗaya. Mu muke musu noma." Ya dubi Haliru, sannan ya dubi ƙasa. "Baiwar Allah, ke ce iyalinshi?"

"Ni ce."

"Sai haƙuri. Labbo ya rasu."

Ba ta yi kuka ba. Ta tambaye shi yaushe.

"Cikin azumin farko da muka yi can. Gudawa ta kama shi, kwana tara. Ba magani, ruwan ma na rafi ne. Ni da wani Mannir, mutumin Wanke, muka roƙi a bar mu mu binne shi, suka bari. Da fartanya muka yi ramin. Mun yi mishi salla mu biyu."

"Azumin farko," in ji Zuwaira. "Ba na bara ba?"

"A'a. Na farko. Bai kai damina ta biyu ba."

Ta dubi yatsunta. Can ta ce, "Ya bar wata magana?"

Sama'ila ya gyara zama. Na ga alamar yana so ya samo mata wani abu mai daɗi, amma ba mutumin da ya iya ƙarya ba ne. Ya ce, "Da yana da lafiya yakan yi zancen ɗiyanshi mata, da wasu shanu nashi. Yakan ce ko wa ke ba su dusa yanzu. Da ciwon ya yi tsanani bai ƙara magana ba, sai kalmar shahada da muke laƙƙana mishi."

Zuwaira ta ajiye masa ledar ƙulin, ta yi masa addu'ar samun lafiya, muka fito. Muka shiga motar Bungudu zuwa Gusau. Sai da muka kusa shiga gari ta juyo ta ce da ni a hankali, "Malama, ashe ko da Inna take zaune bakin ƙofa, ya riga ta gidan gaskiya."

Haliru ya nemi Mannir ɗin nan na Wanke, wanda aka sako tun shekara biyu da suka wuce, ya same shi, shi ma ya faɗi daidai abin da Sama'ila ya faɗa. Bai san ƙauyen Labbo ya watse zuwa ina ba, shi ya sa bai kawo labari ba. Tsakanin Wanke da Damba ba wata tafiya ba ce.

Washegari Zuwaira ta je wajen liman ta tambayi yadda za ta fara takaba. Liman ya saurare ta, ya tambayi watan rasuwar, sannan ya yi mata bayani cikin taushin murya cewa takaba daga ranar mutuwa ake lissafa ta, ko matar ta sani ko ba ta sani ba. Wata huɗu da kwana gomanta sun cika tun shekara uku da suka wuce. Babu takaba a kanta.

"To, Malam, ni mi zan yi?"

"Ki yi masa addu'a. Ita yake buƙata."

Aka yi zaman makoki na kwana uku a kangon. Mutanen Tungar Marke da ke warwatse a Gusau da Tsafe suka zo, aka yi addu'a, aka watse. Rana ta huɗu ta hura wuta ta ɗora kasko, don ba abin da za a ci.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi muni da na gani a tare da ita. Ba ta bar salla ba, ko sau ɗaya. Amma tana sallamewa take naɗe darduma, hannun nan da yake daɗewa a sama ya daina tashi. Ta bar zuwa karatu. Ta bar azumin nafila. Wata rana da yamma na shiga na same ta zaune gaban murhu wuta ta mutu, na tambaye ta lafiya.

Ta ce, "Ban ce Allah ya saɓa ba, Malama, Allah ya tsare bakina. Amma shekara uku da wani abu ina roƙon ya dawo mini da mutumin da ke cikin ƙasa. Yana ji na. Ya san inda yake. Ko a mafarki ai sai a nuna mini. Na hana yarinyar ga aure a kan jiran wanda ba ya zuwa. Wagga addu'a duk da na yi, ina ta tafi?"

Na ce mata malamai sun ce ba addu'ar da take faɗuwa banza, wata a ba ka nan, wata a kare ka da ita daga wani sharri, wata a ajiye maka sai can. Ta ce ta sani, an karantar da su. Ta ce sanin bai kai mata inda ciwon yake ba.

Ta nemi gafarar Wasila. A gabana ta yi, tana durƙushe tana tace mai, ba ta ɗago ba. Wasila ta ce, "Umma, ya wuce." Ta faɗa da ladabi, amma ta tashi ta shiga ɗaki. Har yanzu ba ta yi aure ba, tana koyon ɗinki a shagon kawunta.

Dorcas ba ta yi mata wa'azi ba. Ranar da Zuwaira ta koma kai markaɗe, Dorcas ta zuba gyaɗar a inji ta gama, sannan ta zauna kusa da ita ta ce, "Ni ma tawa amsar ta zo. Al'ada ta ɗauke mini tun bara. Likita ya ce shi ke nan."

Zuwaira ta dube ta. "Kuma kina zuwa cocin?"

"Ina zuwa. In ban je wurinsa ba, wurin wa zan je?"

Sai wata mai markaɗen tattasai ta zo, Dorcas ta tashi.

Ban san ranar da Zuwaira ta koma ɗaga hannu ba, kuma ba ta gaya mini ba. Na dai lura wajen ƙarshen damina cewa takan ɗan jima kan darduma, ba kamar da ba, minti biyu ko uku. Na tambayi Amina abin da uwarta take roƙo yanzu. Ta ce gafara ga Baba da Inna, sai kuma ta ce Allah ya yi mata abin da ya ga dama, amma ya ba ta ƙarfin ɗauka.

A watan jiya aka kawo wata yarinya kangon da ke bayan nasu, sunanta Safiya, da goyo da kuma ciki. An ɗauke mijinta a hanyar kasuwa sati shida da suka wuce. Matan lungu suka nuna mata Zuwaira, suka ce ga wadda ta san irin wannan. Safiya ta shigo da rana tsaka ta same ta tana suya, ta gaishe ta, ta zauna, sannan ta ce, "Inna, an ce ke ma an taɓa ɗaukar naki. Don Allah ki gaya mini gaskiya, suna dawowa?"

Zuwaira ta kwashe ƙulin da ke cikin kasko kafin ta amsa.

"Wasu suna dawowa. Nawa bai dawo ba."

Safiya ta fara hawaye. "To in ci gaba da roƙo?"

"Ki ci gaba. Ya ce a roƙe shi zai amsa, ni dai ban ji inda ya faɗi rana ba, ko irin amsar. Amma kar ki tsayar da komai na ɗiyanki don jira. Kuma duk wanda aka sako, ko daga wane gari yake, ki je ki tambaye shi da kanki, kar ki tsaya sai an kawo miki labari."

Safiya ta share ido da gefen hijabi. Zuwaira ta tambaye ta ko ta ci wani abu tun safe, ta ce a'a. Ta kira Amina ta ce ta zubo mata sauran ɗumame, sannan ta ce da Safiya in ta gama ta wanke hannu ta zo ta ga yadda ake murza tunkuza, don zaman Gusau ba ya yiwuwa ba sana'a.